Kafin Ki Kawo Ƴar Aiki Gida

Ƴar'uwata, ban ga laifinki ba don kin ce kina neman mai taya ki aiki. Ke kin fita tun bakwai zuwa asibitin Yariman Bakura, maigida ya nufi sakatariya, ga goyo ga ƴan makaranta, ai dole a nemi ƙarin hannu. Sai dai ki yi haƙuri ki saurare ni kaɗan, domin wadda za ta kwana a gidanki ita ce za ta yini da ɗanki a bayanta, kuma bakinta zai fara kwaikwayo kafin naki.

Kin san halin da ake ciki. Tun da ƴan bindiga suka tayar da ƙauyuka da dama a Tsafe da Bungudu, mata da yara suka kwararo Gusau, har ta kai dillaliya kan jero miki yara ki zaɓa, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wannan arahar nake ji miki tsoro, domin araha ba ta ado. Za a miƙo miki ƴar shekara goma, kayanta ƙulle a leda, idonta a ƙasa, a ce ta iya komai, alhali ita kanta raino take bukata. In ta saki jariri ko ta manta tukunya a wuta, wa za ki tuhuma? Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, amma ni ba don tsoron hukuma nake faɗa miki ba.

Saboda haka ki nemi babbar mace, bazawara ko wadda aka bar wa marayu, mai neman halaliyarta. Ki san garinsu, ki san wanda ya tsaya mata, in da hali a je gaban mai unguwa a yanke lada, a faɗi aikin filla-filla: raino ne kaɗai, ko har da girki da wanki? Rashin faɗin nan ke haifar da "ai ba haka muka yi ba". Ƙarshen wata kuma kuɗin a tafin hannunta, kada ki ba dillaliya saƙo.

Ki ba ta makwanci mai ƙofa da gidan sauro, ta ci daga tukunyar da kuka ci, ba ƙanzo ba, ki kuma bar ta ta je Islamiyya. Kada ki bari yara su kira ta da sunanta gatsau. Su ce Inna ko Yaya.

Kai kuma maigida, in kana buƙatar wani abu ka faɗa wa matarka ta sa ƴar aikin, ka kuma ja kunnen ƙannenka samari da ke gidan. In Sallah ta zo za ta ga gida, ka ba ta kuɗin mota, ta kama hanya da hantsi, kada yamma ta riske ta tsakanin Gusau da Tsafe.