Direba da Cibiya: Me Ya Sa Na'ura Kan Yi Shiru Bayan Sabuntawa?

A ɗakin kwamfuta na wata sakandare, a Mashi ko waninsa, malami yakan sabunta manhajar Linux da yamma, kashegari ya tarar na'urar kama intanet ta yi shiru. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Direbanta ne cibiya ta ƙi karɓa.

Cibiya ita ce ɓangaren manhaja mai raba aiki tsakanin sassan kwamfuta. Ta Linux, Linus Torvalds ne ya soma rubuta ta a 1991. Direba kuwa guntun shiri ne da ake ɗora wa cibiya ya zame mata tafinta tsakaninta da wata na'ura. Galibinsu tare da cibiyar suke zuwa. Masu ba da wahala su ne waɗanda aka harhaɗa a waje, aka rarraba a shirye.

Ɗalibin ilimin halittu zai tuna da rukunonin jini da Karl Landsteiner ya bayyana a 1901: kafin a yi ƙarin jini, sai an gwada dacewa. Haka cibiya take yi. Kowane direba yana ɗauke da tambarin cibiyar da aka gina shi dominta, wani lokaci har da lambar shaida ga kowane aikin da zai nema a wurinta. In suka saɓa, sai ta rufe ƙofa. Gara haka, domin direban da ya yi rubutu a gurbin da ba nasa ba yana iya tsayar da kwamfutar ɗungum. Ga shi kuwa sabuwar cibiya tana fitowa kusan kowane mako tara ko goma, kuma masu kula da ita da gangan suka ƙi alkawarin barin tsarinta na ciki yadda yake.

A 2003 kamfanin Dell ya fito da DKMS, wanda ke sake harhaɗa direba daga asalin rubutunsa duk lokacin da aka girka sabuwar cibiya. Sai dai in sauyin ya yi zurfi, harhaɗawar kan ci tura. Red Hat kuwa yakan ware jerin mahaɗan da ba zai taɓa ba na tsawon shekaru. Google ya bi irin wannan hanya a Android 12 a 2021, abin da ya shafi wayoyin da ake ciniki a kasuwar Mashi, don cibiyar Linux ce a cikin Android.

Ga malami, kada ya goge tsohuwar cibiya sai ya gwada kowace na'ura a kan sabuwar, domin ana iya komawa gare ta wajen kunna kwamfuta.