Tsohuwar Hilux Mai Shan Gas: Ta Ina Ake Fara Gyara?

Tambaya: Tsohuwar a-kori-kura na saya, Toyota Hilux mai injin 5L, don kwaso amfanin gona zuwa kasuwa. Ita ce motata ta farko, kuma ba ta zo da takardar sabis ko ɗaya ba. Da sanyin safiya sai an sha fama take tashi, in ta ɗauki kaya ta kama hawa kuma sai baƙin hayaƙi. Bakanikenmu ya ce a cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ta ina zan fara, ga kuɗin hannuna ba yawa? Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa: Allah ya sanya albarka a abin hawa.

Injin gas ba ya aiki da fulogi irin na fetur. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta ɗauki zafi, sannan nozul ya fesa gas ya kama da kansa. Saboda haka lafiyarsa ta rataya ne a kan tsabtar iska, tsabtar gas, da zafin da bai wuce kima ba. Injin 5L mai lita 3.0 yana da juriya kamar magabatansa 2L da 3L, sai dai juriyar ce ke sa masu shi sakaci.

Motar da ba a san tarihinta ba, ana ɗaukarta ne kamar ba a taɓa yi mata komai ba, domin lambar kilomita da ke gaban direba ba shaida ba ce. Kuɗin farko na taimin bel ne. A wannan jerin injina ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma ba ya gargaɗi kafin ya tsinke. In ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran kuma ya ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa. Ana canza shi tare da 'yan tayoyin da ke ɗame shi. Sai juye: baƙin mai na injin gas, irin 15W-40, da sabuwar filta, a riƙa maimaitawa duk kilomita 5,000. Man injin gas yakan yi baƙi 'yan kwanaki bayan juye saboda dattin hayaƙi, wannan ba alamar lalacewarsa ba ce.

Gas ɗin da ake zubawa ya fi komai kashe waɗannan motoci. Famfon injekta ba ya samun baƙin mai, gas ɗin da ke ratsa shi ne ke hana ƙarafansa cin juna. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da wannan santsi, wanda ruwa ya shiga kuma tsatsa yake haifarwa a cikin famfo da nozul. Rangwamen da ake samu a jarkar 'yan bumburutu bai kai kuɗin gyaran famfo ba ko kusa. A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan mazubi da ruwa ke taruwa. Ana kwance makunninsa, a danna ƙaramin famfon hannu da ke saman filtar har ruwan ya fita, gas zalla ya biyo baya, sannan a ɗaure. Da famfon nan ake fitar da iska bayan canza filta ko in gas ya ƙare a hanya. Barin tanki ya riƙa ƙafewa yana jawo dattin ƙasa, don haka a guje shi.

Shawarar cire tamostat kuwa kuskure ce, ko da yake ta zama ruwan dare a garejin mu. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin aiki, sannan ya buɗe hanyar lagireto. Injin da aka cire masa shi yana daɗewa cikin sanyi, ya ƙara shan gas, ya ƙara ci. In mota tana zafi, a nemi dalilin: lagireto da ya toshe, murfinsa da ya saki, fanka, fanbel ko famfon ruwa. A zuba ruwan lagireto na musamman, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri da tsatsa. Da zarar allurar zafi ta haura, a tsaya nan take, kuma kada a buɗe murfin sai injin ya huce. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya ƙona gasket ko ya tsaga kan injin.

Wahalar tashi da safe galibi daga hita fulog take. A murɗa makulli, a jira fitilar hita fulog da ke gaban direba ta mutu, sannan a tayar. In hakan bai yi ba, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, guda huɗu ne, a kuma auna batir. Baƙin hayaƙi yana nufin gas ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu filtar iska ce abin zargi na farko. Ita ce mafi arha, sai an canza ta hayaƙin bai daina ba ake kai nozul gwaji. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi ɗumi, ana kuma rasa ruwa a lagireto, yana nuni ga gasket.

Akwai abin da sabon direba ya kamata ya sani game da birki. A wannan injin, famfon da ke sassauta birki yana manne ne a bayan altaneta, saboda haka in fanbel ya tsinke birki zai yi tauri ƙwarai. A riƙa duba shi, a ajiye wani a mota. Game da kaya kuma, an ƙera Hilux ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100. Abin da ya haura haka sifirin, kuloci da birki ne ke biya. Bayan kowace damina a wanke taɓon ƙarƙashin mota, a duba tsatsa a jikin shasi, a sa giris a gaɓoɓin farfela, a kuma leƙa man giya da na aksul ko ruwa ya shiga.