Yadda Ake Yin Gireba Irin ta Gidanmu

Gireba ba ta son ruwa. Wannan ne darasin farko da ake koya wa yarinya a gidanmu ranar haɗa gara, lokacin da ake jera gireba tare da alkaki, dubulan da nakiya. Mai kaɗai ke haɗa ta, shi ya sa take narkewa a baki. Ruwa ya shiga, kin bai wa haƙoran baƙi aiki.

Da gwangwanin madara muke awo: fulawa gwangwani 6, sukari ɗaya da rabi, man gyaɗa ɗaya da rabi, soyayyen riɗi rabin gwangwani, sai gishiri ɗan kaɗan.

Uwargida, fara da sukarin. Ki daka shi a turmi ko ki niƙa a bilenda har ya zama gari, domin babu ruwan da zai narkar da shi, kuma ƙwayar da kika bari haka za a tauna ta. Idan manki na masu ƙuli ne, ɗora shi a wuta gafin ya fita, ki bari ya huce. Ki tankaɗe fulawa, ki zuba sukari da gishiri, ki gauraya.

Nan aikin yake. Ki riƙa zuba man kaɗan-kaɗan kina murzawa tsakanin tafukan hannu, har ko'ina ya jiƙu. Sai ki ɗebi kaɗan ki dunƙule. In ya tsaya da shatin yatsunki a jiki, ya yi. In ya wargaje, ƙara mai cokali ɗaya. In kuwa tafinki na ƙyalli, mai ya yi yawa, ki ƙara fulawa, in ba haka ba za ta baje a wuta. Wasu na sa bekin foda. Ni dai ban ga abin da yake ƙara mata ba sai kumburin banza.

Samo ƙaramin ludayi, ki barbaɗa riɗi a cikinsa, ki cika da haɗin, ki danna sosai da babban yatsa, sannan ki kife a kan tire.

A oven, wuta ta tsaya a digiri 160, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da shi ta zuba rairayi mai tsabta a babbar tukunya, ya yi zafi a kan gawayi, ta ɗora tiren a kai, ta rufe, ta zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Kada ki jira samanta ya yi ja. Da zarar gindin ya yi ruwan zuma, saman ya ɗan tsattsage, sauke.

Da zafinta ba a taɓa ta, rugujewa take yi. Sai ta huce sarai za ki kwashe, ki jera a roba mai murfi inda iska ba ta shiga.