Darasin Kasuwanci: Wayar Salula da Biyan Kuɗi a Kasuwar Mubi

Garin Mubi na Jihar Adamawa, wanda ke kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru, ya daɗe da yin suna a cinikin shanu da hatsi. Daga kararsa ake loda dabbobi a tireloli zuwa kudancin ƙasar nan, fatake kuma na shigowa daga Kamaru da Cadi. Ciniki irin wannan ya dogara ne a kan abubuwa biyu, wato samun labarin farashi da wuri da kuma isar kuɗi hannun mai su lafiya. Wayar salula ta sauya duka biyun, amma tarihin garin ya nuna cewa duk ɗan kasuwar da ya jingina da hanya guda yana cikin haɗari.

Yadda aka faro

A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, kamfanonin Econet da MTN kuma suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Kafin nan, sai falke ya yi tattaki ko ya aika yaro kafin ya ji yadda kasuwar kudu ta kaya. Da waya ta yaɗu, dillali na tsaye a kara yana jin farashin Legas. Daga baya kuɗi suka bi sahun magana. An fara aika kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, sannan aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Waɗannan matakai ne suka haifi masu na'urar POS da ake gani a bakin kowace kasuwa.

Cikas uku da Mubi ta gani

Na farko ya zo ne a watan Mayu na 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya saboda dalilan tsaro. Sai a watan Yuli aka maido da su a Adamawa. A tsawon wannan lokaci akwai kuɗi, akwai banki, amma babu magana.

Na biyu shi ne ran 29 ga watan Oktoba na 2014, da mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin. An ƙwato shi a watan Nuwamba, sai dai bankuna sun jima a rufe, wanda kuwa lissafinsa ke cikin littafin da ya bari a shago ya rasa shaidar bashin da yake bi.

Na uku shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000. A watan Janairu na shekarar an ƙayyade abin da mutum zai cira a mako zuwa Naira 500,000, adadin da bai kai ko kusa da kuɗin tirela guda ta shanu ba. Makiyayin da ba shi da asusu ya ƙi sayarwa sai da tsaba, mai saye kuma ba shi da ita. Sai ran 3 ga watan Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin.

Abin lura shi ne, kowane karo ƙafa ɗaya ce ta karye: waya, ko banki, ko tsabar kuɗi. Wanda ya tanadi sauran biyun shi ne ya ci gaba da ciniki.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tanada

Da farko, ya mallaki layin waya na kamfanoni biyu da asusu a wurare biyu. Ya haddace lambobin USSD na bankinsa, domin suna aiki a ƙaramar waya ba tare da intanet ba.

Na biyu, kada ya saki kaya a kan saƙon shigar kuɗi kawai, domin mazambata na ƙirƙirar na jabu. Ya duba ragowar asusunsa da kansa kafin a ɗaga mota.

Na uku, ya san iyakar inshorar ajiyarsa. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga abin da take biya nan take in banki ya durƙushe zuwa Naira miliyan 5 a bankin kasuwanci da Naira miliyan 2 a ƙaramin banki. Soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na wannan shekara ya nuna cewa lamarin na iya faruwa. Mai jarin shanu bai kamata ya tara komai a rumbu ɗaya ba.

Na huɗu shi ne batun shafin intanet. Mai sayar da hatsi ga abokan da ya sani zai iya wadatuwa da WhatsApp. Amma mai neman kwangilar kai kaya ga masana'antu ko otal-otal yana bukatar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni da kuma shafi mai ɗauke da suna da adireshi da hotunan kaya. Ya tabbata an yi rajistar sunan shafin da sunansa, ba da sunan wanda ya gina masa ba, in ba haka ba ya gina shago a filin wani. Har ila yau, shafin ya zama marar nauyi, mai buɗewa a waya ko da sabis ya yi rauni.

Dama ga masu jari

Sabbin kamfanonin fasaha da suka fi bunƙasa a ƙasar nan sun taso ne daga matsalar biyan kuɗi. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan fiye da Dala miliyan 200. Moniepoint kuwa darajarsa ta kai Dala biliyan 1 a 2024, kuma ƙananan 'yan kasuwa ne ƙashin bayansa. A watan Oktoba na 2022 an sa hannu a kan dokar tallafa wa irin waɗannan kamfanoni.

Mubi na da nata matsalolin da ke jiran mai warwarewa: lissafin bashi da la'ada tsakanin dillali da mai dabba, neman motar da za ta dawo da kaya maimakon ta dawo wayam, da canji tsakanin Naira da Sefa. Tana kuma da matasa masu ilmi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. Attajirin da ɗaya daga cikinsu ya kawo wa manhaja ya tambaye shi abubuwa uku kafin ya zuba jari. Shin tana aiki in intanet ta ɗauke? Shin mai jin Hausa ko Fulatanci kaɗai zai iya sarrafa ta? Wane ne zai biya, kuma nawa? In amsoshin sun gamsar, a gwada ta da dillalai kaɗan na tsawon kasuwa huɗu ko biyar, a rubuta yarjejeniyar rabon riba a gaban shaidu, sannan a ƙara kuɗi.