Kaza, Kare da Tukunya: Darasin Shirin Hunturu

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a cikin ƙungiya, ko a taron zumuntar mata, ko a gindin bishiya da yamma. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a riƙa tsayawa ana tattaunawa. Lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Zan fara da laifina. Shekarar da na kama aiki, na je kasuwar mako ana saura wata ɗaya Kirsimati, na ga wani jan zakara mai kyau ana sayarwa da araha. Ban tambayi dalilin arahar ba. Na kawo shi gida na sake shi cikin kajin mahaifiyata. Bayan kwana biyar zakaran ya mutu, sauran kaji suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Cikin kaji goma sha bakwai, biyu ne suka tsira. Waɗanda suka mutu mun jefar da su bayan danga, karenmu kuma ya ja ɗaya ya kai ta ƙofar maƙwabta. Mako bai zagayo ba su ma nasu suka fara faɗuwa. Da kuɗin kajin nan mahaifiyata ta yi niyyar biyan kuɗin makarantar ƙanena. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "Ɗana, ashe karatun naka bai kai akurki ba."

Cutar da ke share kaji

Cutar da ta shiga gidanmu ita ce likitocin dabbobi ke kira Newcastle, a wasu wurare kuma ana ce mata fakat. Kusan kowa ya san alamunta. Kaza ta yi tsuru, fukafukanta sun sauka kamar ta yafa bargo. Ta daina cin abinci, tana gudawa kore-kore, tana numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. A ƙasarmu cutar ta fi tsanani da sanyin hunturu, wato daidai lokacin da ake ta kai kaji kasuwa saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Wanda ya ga kajinsa sun fara ciwo yakan yi sauri ya sayar da su kafin ya yi asara, mai saye kuma ya kai cutar gidansa. Haka take tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye. Tana kuma bin kashin kaji, da kwando, da takalmi, da hannun wanda ya taɓa marar lafiya.

Ga abin da mutane ba sa son ji: idan ta riga ta kama kaza, babu maganin da zai warkar da ita. Na ga ana buɗe kafso ja da yalo ana zubawa a ruwan sha, na ga ana jiƙa barkono da gautan kura da ɓawon maɗaci. Kafson nan an yi shi ne domin wani irin ƙwayar cuta dabam, ba ya taɓa wannan. Kazar da ta tashi bayan an ba ta shi, da ma can za ta tashi.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin magungunan rigakafin wannan cuta. A cikinsu akwai wanda ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar domin kajin ƙauye. Amfaninsa shi ne ya fi sauran jure zafi, kuma ba ya bukatar allura. Ɗigo ɗaya ake sa wa a idon kowace kaza, babba ko tsako. Sai a maimaita bayan wata huɗu, domin ƙarfinsa yana raguwa. Idan an yi a Oktoba, sai a sake a Fabrairu, sannan a Yuni.

A lura da abu uku. Jure zafi ba ya nufin a bar kwalbar a rana ko a aljihu. A naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa, idan kuma an haɗa maganin da ruwa a yi ƙoƙari a gama da shi a ranar. Na biyu, kariyar ba ta kama jikin kaza sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka wanda ya jira sai cuta ta shigo unguwa ya makara. Na uku, ba a ɗiga wa kaza marar lafiya. Idan an yi haka ta mutu, sai a ce maganin ne ya kashe ta, shekara mai zuwa kuwa babu wanda zai yarda a taɓa kajinsa. Na taɓa rasa amincewar unguwa guda ta wannan hanya, sai da aka yi damina biyu kafin suka sake karɓarmu.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa aikin ya dace da ƙungiya. A haɗa kuɗi, a sa rana, kowa ya hana kajinsa fita da safe, mutum biyu da malamin dabbobi ya koya musu su bi gida gida. Sabuwar kaza kuma, ko ta kasuwa ce ko ta kyauta daga surukai, a keɓe ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

'Yan tsaki da masu farautarsu

Kaza takan yi kwana 21 a kan ƙwai. Ta fito da 'yan tsaki goma, bayan wata biyu a ƙirga a ga uku. Mukan ɗora wa shirwa da shaho laifin duka, amma su suna ɗaukar na ɗauka ne. Yunwa da sanyi da raɓar safiya sun riga sun raunana sauran. Uwa tana yawo da su cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tun asuba, mai rauni ya tsaya baya, shirwa kuwa shi take jira.

A kife uwa da 'ya'yanta da babban kwando na tsawon mako huɗu zuwa shida, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kowace rana. A ba su dusa da tsakin masara ko na dawa, da yankakken ganyen zogale. Ruwa a zuba shi a faranti marar zurfi, a sa 'yan duwatsu a ciki don kada tsako ya faɗa ya jiƙe. Abinci mai gina jiki kuma akwai na kyauta: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma inda gara ke bi. Da safe a ɗaga a juye musu.

Da dare masu zuwa dabam ne: tunku, muzuru, maciji, da ɓera. Akurki mai ƙofa da ke rufuwa sosai, wanda aka ɗaga daga ƙasa ko aka toshe ramukansa, ya fi kowace dabara. A share shi duk mako, a barbaɗa toka saboda ƙuma da ƙwarƙwata.

Ina roƙo kada a sa guba a mushen kaza domin a kashe mai ɗaukar kaji. Kare ne yakan riga kowa zuwa wurin, bayansa ungulu. Manya za su tuna yadda ungulu ke cika mahauta a da. Tun 2015 irin wadda muka saba gani a garuruwanmu tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, guba kuma na cikin dalilai. Shaho da mujiya ma ɓera suke ci. Ɓera kuwa ba hatsi kaɗai yake ɓata mana ba. Wani irinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana kuma yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Saboda haka dusa da ragowar tuwo su kwana a rufe.

Karen gida

Kare mai amfani ne. Yana haushi idan tunku ya zo, yana raka yara gona, ɓarawon akuya yana shakkarsa. Amma yawancinmu mun bar shi ya ci da kansa, kare mai yunwa kuwa shi ke koyon shan ƙwai da yawon bola. A ba shi rabonsa na tuwo da ruwan sha a wuri ɗaya kullum.

Babban haɗarin shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro ne ke wasa da kare, shi ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka. Ku gaya wa yaranku yau cewa wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa nan take, babu mai dukansa.

Idan cizo ya faru, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ana kwararawa har minti 15. Minti 15 yana da tsawo, a duba agogo. Kada a sa barkono ko ƙasa ko gashin karen, kada a ɗaure. Daga nan sai asibiti a ranar, domin a fara allurar rigakafi, kuma a cika dukan alluran da aka rubuta. Na san kuɗin yana da nauyi, wani lokaci sai an je babban gari kafin a samu. Amma ciwon yakan kwanta wata biyu ko uku, har miki ya warke a manta, sannan ya tashi. Idan alamu suka bayyana, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tsira. Wannan na cikin abubuwan da ya kamata asusun ƙungiya ya ba da rance dominsu ba tare da dogon zama ba.

Karen da ya yi cizon, idan na gida ne, a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, a sanar da malamin dabbobi. Amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani yakan yi shiru ne, baki a buɗe, yawu na zuba, sai a ce ƙashi ne ya maƙale masa, a sa hannu a ciro. Kada a yi haka. A yankunan da ake cin naman kare, masu kamawa da masu fiɗa su ma suna cikin haɗari.

Kare yana karɓar allurar rigakafi tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Idan aka yi wa bakwai cikin kowane karnuka goma na gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a wajen lokacin kuma ofisoshin dabbobi sukan shirya yin allura. A je a tambaya.

A bakin murhu

Mun saba idan kaza ta fara layi sai a yi maza a yanka kafin ta mutu. Fakat ba ta cika yi wa mutum lahani ba, amma murar tsuntsaye tana yi, da ido kuma ba a iya bambanta su. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a Jihar Kaduna a 2006, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Mai figa da mai fiɗa ne suka fi shiga haɗari, wato mata da yara. Idan kaji suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada a ci, kada a sayar, kada a ba kare. A sa hannu cikin leda a ɗauka, a ƙone ko a binne a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, a kai rahoto.

Lafiyayyar kaza kuwa a ci da daɗi. Tsohuwar kazar gida ta fi dacewa da farfesu: albasa, citta, tafarnuwa, masoro, ɗan kimba da daddawa, wuta kaɗan kaɗan har naman ya saki ƙashi. A duba kusa da ƙashin cinya, kada a ga ja. Wuƙa da tiren da aka yanka ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa tumatir ko ganyen kwaɗo.

Sai maganar ƙwai. Kazar gida ba ta iya rufe fiye da kamar goma da kyau, amma mukan bar mata duka, rabi ya lalace. A zaɓi goma a yi musu alama da gawayi, sauran a dafa wa yara. Har yanzu ina jin ana cewa yaron da ya saba da ƙwai zai zama ɓarawo. Ni dai na ci ƙwai a hannun kakata, abin da na taɓa sata kuwa mangwaro ne. Daga wata shida ana iya murƙushe dafaffen ƙwai a cikin kunu ko fate a ba jariri, mai ciki da mai shayarwa su ma su ci.

Don tattaunawa

A wane wata kaji suka fi mutuwa a garinmu bara, kuma daga wane gida ko wace kasuwa abin ya faro? Me muke yi da mushen kaza? Idan kare ya ciji yaro a daren yau, wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar, nawa ne kuɗinta, wa zai kai shi? Idan babu wanda ya san amsar, a zaɓi mutum biyu kafin a tashi, su je su tambayo, su biya ta ofishin malamin dabbobi su ji farashin kwalbar I-2, su kawo wa ƙungiya bayani a taro na gaba.