In Ka Haɗu da Kunkurun Teku a Gaɓar Ada

Daga Oktoba zuwa Maris, macen kunkurun teku kan fito da dare a gaɓar Ada ta Ghana, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kusan 100. In ka ci karo da ita, kashe tocila, waya ma a aljihu. Da ta tsorata, sai ta koma ruwa da ƙwanta. Tsaya daga baya, shiru.

Bayan kamar wata biyu 'ya'yan ke fitowa, ko tafin hannu ba su cika ba. Haske suke bi zuwa ruwa, shi ya sa fitilar otal ke ɓatar da su. Ramin da yaranka suka tona a yashi, cike shi kafin ku tafi don kada 'ya'yan kunkurun su faɗa ciki, ku kwashe ledojinku. Mai tallar ƙwan kuwa, wuce shi, dokar Ghana ta haramta.