Inna da Auta a filin jirgin sama na Jidda

Karatu

Inna tsohuwa ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Tasawa. Ta yi shekara da shekaru tana kiwon awaki, tana tara kuɗin zuwa Makka. Da kuɗin suka cika, sai ɗanta Auta ya ce zai raka ta. Auta tela ne a Maraɗi. Ya yi lakwal, ya iya karatu da rubutu.

A zamanin da, alhazan ƙasar Hausa da ƙafa suke tafiya. Suna bi ta Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya, wasu kuma suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau. Inna da Auta kuwa jirgin sama suka shiga a Yamai, a filin jirgi na Diori Hamani. Daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4.000 ne. Cikin yini guda suka isa.

Da jirgi ya sauka, Auta ya gyara agogonsa. Ya ce: «Inna, ƙasar nan tana gabanmu da awa biyu. In ƙarfe 10 ya yi a Tasawa, a nan ƙarfe 12 ne.»

Filin jirgin Jidda yana arewa da garin, nisan kilomita 19. Sunansa filin Sarki Abdul'aziz, an buɗe shi a shekarar 1981. A ciki akwai wani ɓangare da aka gina musamman domin alhazai. Rufinsa fari ne fat, kamar tantunan makiyaya guda 210 da aka jera. Kowane tanti yana da wajen mita 45 a tsawo da mita 45 a faɗi. Farin rufin yana mayar da zafin rana sama. Gefuna kuma a buɗe suke, iska tana ratsawa. Injiniyan da ya tsara rufin sunansa Fazlur Rahman Khan, mutumin ƙasar Bangaladash.

Baƙo ba ya fita daga jirgi ya kama hanyar gari kai tsaye. Sai ya bi ta wuri huɗu.

Wuri na farko na ma'aikatan lafiya ne. Suka duba katin rigakafi na Inna. An yi mata allurar sanƙarau da ta shawara tun a gida. Inda mutane suka taru da yawa, mutum ɗaya mai ciwo yana iya shafa wa dubu.

Wuri na biyu na masu duba paspor ne. Layi ya yi tsawo, ƙafafun Inna suka gaji, amma ta daure. Ma'aikaci ya dubi hoton paspor, ya dubi fuskarta. Ya duba biza, wato iznin shiga ƙasa. Ya sa ta ɗora yatsunta bisa wani ɗan gilashi, domin zanen yatsun kowane mutum daban yake da na kowa. Sannan ya buga hatimi.

Wuri na uku na ɗaukar kaya ne. Jakunkunan alhazan ayari ɗaya duk iri guda ne. Inna ta kama wata jaka ta ce tata ce. Auta ya karanta sunan da ke jiki, ya ce: «A'a Inna, wannan ta wani mutumin Tawa ce.» Suka jira kaɗan, sai ga tata da jan ƙyallen da ta ɗaura a hannunta.

Wuri na huɗu na ƴan duwan ne. Aka sa jakunkuna cikin wata na'ura mai ganin abin da ke ciki ba tare da an buɗe ba. Ba a sami abin da doka ta hana ba, suka wuce.

Suka fito ƙarƙashin fararen tantuna. A nan kowace ƙasa tana da wurin da alhazanta suke jiran mota. Auta ya nuna wa Inna tutar Nijar. Ya ce: «Ki riƙe ta da kyau. Ruwan lemu a sama, fari a tsakiya da rana, tsanwa a ƙasa.» Ya rataya mata katinta a wuya, ya tafi canjin kuɗi. Kuɗin ƙasar sunansa riyal.

Auta ya daɗe. Inna ta tashi ta je alwala ita kaɗai. Da ta fito, sai ta rasa inda ta baro. Ginshiƙai duk kama ɗaya, benci duk kama ɗaya. Ta yi dama, ta yi hagu. Ta tambayi wata mata, matar ta amsa da harshen da Inna ba ta taɓa ji ba. Akwai alluna da kibiyoyi a sama, an rubuta su da Larabci da Turanci, amma Inna ba ta iya karanta su ba. Gabanta ya faɗi, domin an riga an fara kiran ayarinsu zuwa mota.

Can sai ta ji wata yarinya tana Hausa. Inna ta kama hannunta ta ce: «Ɗiyata, taimake ni, na ɓace.»

Yarinyar ta ce: «Kwantar da hankalinki, Kaka. Ni daga Kumasi nake, a ƙasar Gana. Bari in ga katinki.» Ta karanta suna da ƙasa da lambar ayari. Ta kai ta wurin wani ma'aikaci, shi kuma ya nuna musu hanya. Ba su yi nisa ba Inna ta ɗaga kai ta ce: «Ga ranarmu can a tsakiyar fari!»

Auta yana tsaye a gindin tutar, zufa ta jiƙa masa harami. Ya yi wa yarinyar godiya. Inna ta ce masa: «Yau na ga amfanin karatu. Da katin nan bai yi magana ba, da ban san inda zan kwana ba.»

Suka shiga babbar mota tare da jagoransu. Daga filin jirgi zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Tun shekarar 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudun gaske tsakanin Makka da Madina, yana kuma tsayawa a filin jirgin Jidda. Amma ayarin su Inna mota ya shiga. Kafin Makka aka tsaya a wani shinge aka sake duba takardu, domin Musulmi kaɗai suke shiga garin. Dare ya yi sa'ad da fitilun Makka suka bayyana tsakanin duwatsu. Inna ta riƙe katinta da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta riƙe Auta.

Ma'anar kalmomi

Paspor: ɗan littafin da ke nuna sunan matafiyi da ƙasarsa.

Biza: iznin da wata ƙasa take ba baƙo ya shiga cikinta.

Duwan: ma'aikatan da ke duba kayan da ake shiga da su ƙasa.

Ayari: matafiya da ke tafiya tare.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya alhazan da suke zuwa Makka?

2. Don me aka yi rufin ɓangaren alhazai da fari?

3. Faɗi wurare huɗu da baƙo yake bi, daga na farko zuwa na ƙarshe.

4. Wane kuskure Inna ta yi? Me ya cece ta?

Lissafi

1. An raba tantunan gida 10 daidai wa daida. Tanti nawa ke cikin kowane gida?

2. Jirgi ya tashi daga Yamai da ƙarfe 8 na safe, ya yi awa 6 a sama. Ƙarfe nawa ne a Jidda sa'ad da ya sauka?

Aiki

Ku zana tutar Nijar cikin kayenku. A ƙarƙashinta kowa ya rubuta nasa kati: sunansa, sunan mahaifinsa, garinsa da ƙasarsa. In akwai alhaji ko hajiya a unguwarku, ku tambaye su yadda suka fita daga filin jirgi, ku kawo wa ƴan aji labari.